Haushin Ubansu Nake Hucewa a Kan Yara

Tambaya: Wata takwas ke nan da mutuwar aurena, na koma gidanmu a Rikkos da yara biyu. Abu kaɗan sai in rufe su da faɗa, musamman namijin, ɗan shekara shida, wanda ya ɗebo kamannin ubansa sak. Uban kuwa sai ya ga dama yake aiko kuɗin makaranta. In na huce sai kuka. Yaya zan yi? Daga wata uwa a Jos.

Amsa: Sannu 'yar'uwa. Abin da ake cewa ne, an bar jaki ana dukan taiki. Ki ɗauki kwana bakwai kina rubutawa: ƙarfe nawa faɗan ya tashi, me ya faru gabaninsa, awa nawa kika yi barci. Sau da yawa wayar uban ce ke hura wutar, ko habaicin matar yaya a tsakar gida. Yaron dai shi ne a kusa, kuma ba ya ramawa.

Da kin ji ƙirji na bugawa, ki kame bakinki. Ki yi a'uziyya, in kina tsaye ki zauna kamar yadda hadisi ya koyar, ki yi alwala. Ki ja numfashi kina ƙirga huɗu, ki sake shi kina ƙirga shida, sau goma. Jiki kan kai minti 20 bai sauka ba, shi ya sa horon da aka yi nan take yake zarce laifin. In tsawar ta riga ta fita, ki jawo shi jikinki ki ba shi haƙuri. Yara wannan shekarun kan ɗauka su suka raba auren.

Batun kuɗi kuwa, a fitar da shi daga hannunki. A Malikiyya uwa ce gaba wajen riƙon yara, amma ci da sutura na uba ne. Waliyyinki ya zauna da shi a rubuta adadi da ranar biya. In ya ƙi, akwai kotun yanki. Kada dai ki aiki yaro karɓo kuɗi, maganar da zai jiyo can a kanki za ya sauke ta.

In rashin barci, ƙin abinci da kukan nan sun kai mako biyu kullum, ki ga likitan ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) da ke Lamingo. In tunanin cutar da kanki ko yaran ya taɓa zuwa miki, ki gaya wa wani babba a gida, ku tafi a ranar.