Tambayoyinku kan waya: agogon gefen gado, da wayar da ke kwana a kan katifa

Saƙonnin wannan mako kamar an haɗa baki, kusan duk a kan mayar da waya agogon gefen gado ne yayin da take caji. Na ɗauko biyar.

Tambaya: Malam, abokina idan ya jona iPhone ɗinsa a caji ya jingine ta a gicciye, sai agogo ya cika fuskar. Tawa Tecno ce. Sai na sayi irin tasa ke nan? Daga wani matashi a Asawase, Kumasi.

Amsa: Riƙe kuɗinka, ƙanena. Abin da ka gani sunansa StandBy, Apple ya fito da shi a 2023 tare da iOS 17, masu iPhone kuma suka yi ta shela kamar su suka fara ganin watan Sallah. Android na da irinsa tun 2012, lokacin ana ce masa Daydream. Shiga saiti, sashen Display, nemi inda aka rubuta Screen saver, zaɓi agogo, ka sa ya riƙa tashi lokacin caji. In wayarka ba ta da shi, sauke manhajar Clock ta Google, Screen saver ɗin yana cikin ɗigo ukun nan na sama. Kunna yanayin dare don kada hasken ya hana ka barci.

Tambaya: Tawa iPhone 12 ce, agogon na fitowa amma ba ya daɗewa sai ya mutu. Ta lalace ne? Daga wata ɗaliba a Tafo.

Amsa: Lafiyarta ƙalau. Masu fuskar da ba ta mutuwa ne, irin su 14 Pro da 15 Pro, ke barin agogon a kunne har safe. Taki sai kin taɓa fuskar ko kin ɗan girgiza teburin. Kada ki kai ta wajen masu gyara a Adum a karɓi kuɗinki a kan wannan.

Tambaya: Ɗana, ni ina kwana da wayata a kan katifa, gefen filo, cikin gidan sauro, tana caji agogo na kunne, don in ga lokaci in tashi asuba. Da safe nakan ji ta da zafi, kwanan nan ma bayanta ya fara tasowa. Jikana ya ce haka duk wayoyi suke yi. Daga wata Hajiya a Aboabo.

Amsa: Hajiya, kafin ki ƙarasa karanta wannan amsa, don Allah cire wayar daga caji, ki kashe ta, ki ajiye ta a kan siminti nesa da labule. Jikan nan kuma ki ce masa na gaishe shi, amma ya tsaya kan ƙwallo ya bar maganar batir.

Bayan waya ba ya tasowa haka kawai. Batirin da ke ciki, irin na litiyom, shi ne ya fara lalacewa yana tara iska a cikinsa, yana tura murfin waje. Batirin da ya kumbura ba a gyara shi, ba a danna shi, ba a huda shi da allura don iskar ta fita, kamar yadda na taɓa jin wani yana ba da shawara a cikin mota. Canza shi ake yi, wajen mai gyara da ya san aikinsa, kuma ba a ƙara jona shi a wuta kafin nan.

Abin da ke ba ni haushi shi ne, kowa tsoron da yake ji na daban ne. Kullum ana tambayata ko caji zai yi wa waya yawa idan ta kwana a jone. Ba zai yi ba, wayoyin yanzu suna yanke cajin da kansu idan sun cika. Abin tsoro zafi ne, shi kuwa ba wanda ke tambaya. Apple da kansa ya ce a yi amfani da iPhone ne a yanayin da bai wuce digiri 35 ba. To ki duba ɗakunanmu na zango a watan Fabrairu da Maris, rufin kwano, taga ɗaya, daren ma gumi ake yi. Caji na kawo zafi, fuskar da ke kunne na ƙara nata, rigar roba mai kauri ta rufe bayan, sannan an ɗora ta a kan katifar soso wadda aikinta ke nan riƙe ɗumi. Da tsakar dare a juya, filo ya hau kanta. Ta ina zafin zai fita? Ai tanda aka haɗa mata.

Na gani da idona a gidanmu. Wani ɗan yayata ya kawo mini wayarsa, fuskar ta ɗaga daga gefe har kana iya zura farce, bayan ya yi tudu kamar burodin da ya tashi. Da na shiga ɗakinsa, ga zanen gado da tabo ruwan ƙasa daidai inda bakin igiyar caji ke kwanciya, igiyar kanta an naɗe ta da salatif a wuri biyu. Ya ce ai tana aiki. Tana aiki mana.

Sai maganar caja. Wadda aka saya a tire a bakin kasuwar Kejetia, mara nauyi kamar ba komai a cikinta, wadda ke yin ƙara siririya idan an jona ta, ba abar kwana da ita kusa da kai ba ce. Wutar gidajenmu bolt 230 ce, kuma abin da ke tsakaninta da kunnenki shi ne ɗan abin da ke cikin wannan caja. Idan aka ɗauke wuta aka dawo da ita da ƙarfi cikin dare, caja mai kyau na iya jurewa, ta banza kuwa sai abin da Allah ya yi. Ko manyan kamfanoni batir ya taɓa kunyata su: a 2016 Samsung ya janye Galaxy Note 7 gaba ɗaya daga kasuwa saboda batirinta na kamawa da wuta. Balle abin da ba a san ma wanda ya ƙera shi ba.

Ga yadda nake yi, kuma na san masu karatu sun gaji da jin sa daga bakina. Waya a kan kujerar katako ko guntun tayil, wajen gidan sauro, an cire mata riga, an jingine ta da kofi. Caja kuma ƙarama. Batir mai 5000 mAh, caja mai wat 5 za ta cika shi cikin kimanin awa biyar zuwa shida, ke kuma daga isha zuwa asuba kina da fiye da haka. Me za a yi da mai wat 33 alhali barci ake yi? Gaggawar ta me ce? Idan wayar na da saitin kare batir, a kunna shi. A iPhone yana nan tun iOS 13, yana tsayar da caji a kashi 80 sai gab da lokacin tashinki ya ƙarasa. Samsung ma na da nasa, wanda ke hana batir kaiwa ɗari. Batirin da ke kwana a cike kuma cikin zafi shi ke saurin tsufa.

Mafi kyau ma, Hajiya, akwai tsohuwar waya a akwatin kusan kowane gida. In batirinta lafiya lau ne, bai kumbura ba, ita za a mayar agogon, a bar ta kirki ta huta. In kuma don asuba ne kawai, ai a Aboabo ko kin so ko ba ki so ba ladan zai tashe ki.

Tambaya: An ce idan agogo ya daɗe a wuri ɗaya zai bar tabo a fuskar waya. Gaskiya ne? Daga wani tela a Sabon Zango.

Amsa: Fuskar waya iri-iri ce: a irin wadda ake ce wa AMOLED yana iya faruwa, idan hasken ya yi yawa kuma hoton ba ya motsi. Shi ya sa agogon Google ke sauya wuri da kansa. Rage haske, zaɓi baƙin bango. In fuskar taka irin ta LCD ce, mai fitila a bayanta, ba wannan ne damuwarka ba, sai dai fitilar bayanta ba ta mutuwa, ɗakin zai yi ɗan haske duk dare, ka shirya amsa wa uwargida.

Tambaya: Idan dumsor, wato ɗauke wuta, ya zo cikin dare, ƙararrawar za ta buga kuwa? Daga wani direba a Suame.

Amsa: Za ta buga, Alhaji, muddin akwai caji a batir. Agogon fuskar ne zai ɗauke, tunda ba ta jin wuta. Amma idan wayar ta mutu ɗungurungum, iPhone ba ta tashi don ƙararrawa, a Android kuma ya danganta da kamfani. Gwada taka da rana: sa ƙararrawa nan da minti biyar, kashe wayar, ka zauna ka jira.