Jigo ba na ɗakin jarrabawa ba ne kawai

Assalamu alaikum. Ƙanwata, kin tambaya ko jigo abu ne da ɗalibi ke haddacewa domin jarrabawar adabi kawai, ko kuwa yana da wani aiki a rayuwar jama'a. Zan amsa miki da abin da na gani a shekarun da na yi ina koyar da Hausa a makarantar sakandare.

Kafin kalmar ta shiga aji, a lambu take. Jigo shi ne itacen da masu noman rani ke kafawa a bakin rijiya ko rafi, a ɗaura guga a kai ɗaya, a liƙa curin laka a ɗaya kan, domin a riƙa ɗebo ruwa. Idan ya karye, rijiya tana nan, guga yana nan, amma ruwa ba zai kai ga albasa ba. Da wannan ma'ana ake ce wa mutum jigon jam'iyya, kuma da ita manazarta adabi suka kira saƙon da waƙa ko labari ya rataya a kansa.

Abin da ya fi ba ni takaici wajen duba takardun ɗalibai shi ne kusan kowa yakan rubuta cewa jigon waƙa "faɗakarwa" ne, ya ajiye alƙalami. Faɗakarwa a kan me, kuma wa ake faɗakarwa? Na taɓa yin alƙalanci a gasar wasan kwaikwayo tsakanin makarantu, inda wata ƙungiya ta yi wasa a kan shaye-shaye, wasan ya watse tun a tsakiya, sai suka fito da wani yaro da rawani ya yi doguwar nasiha domin a gane manufarsu. Wata ƙungiyar kuwa ta nuna yarinya mai talla da ke tsayawa kullum a bakin tagar aji tana sauraren karatu, har gyaɗarta ta yi kwantai. Babu wanda ya yi wa'azi a wasan, amma iyaye matan da ke wurin sun yi tsit, kuma wannan ƙungiyar muka ba na ɗaya.

A harkar jama'a ma haka abin yake. Nana Asma'u ta tsara waƙoƙin da jajis, wato malamai mata masu yawon koyarwa, suka kai wa matan karkara ta hanyar ƙungiyoyin karatun mata da ake kira 'yan taru, kuma sun ɗore ne domin sun tsaya a kan abu ɗaya, wato mace ta san addininta. Da aka kafa jam'iyyar siyasa ta NEPU a Kano a 1950, jigonta 'yancin talaka ne, har kalma ɗaya, "sawaba", ta ɗauke shi, mawaƙa irin su Gambo Hawaja suka kai shi kasuwanni da ƙauyuka. Abokiyar hamayyarta, jam'iyyar NPC, kuma ta riƙe haɗin kan Arewa. Mutumin da bai taɓa shiga aji ba yana iya gaya miki abin da ya raba jam'iyyun biyu. Yawancin waƙoƙin zaɓe na yanzu, a ganina, yabon ɗan takara ne da zambo ga abokin hamayya, saboda haka da an rantsar da wanda ya ci, waƙar ta gama aiki.

Wani lokaci kuma sunan da aka laƙaba wa abu yakan ɓoye jigonsa. Littattafan da suka yawaita a Kano daga shekarun 1980 an kira su na soyayya, aka yi ta sukarsu a kan haka, alhali da yawa daga cikinsu, musamman waɗanda mata suka rubuta, suna magana ne a kan auren dole, zaman kishi da cire yarinya daga makaranta.

A ajina na hana a faɗi jigo da kalma ɗaya, sai da cikakkiyar jimla da ɗalibi zai iya kare ta da baiti ko da wani abin da ya faru a labarin. Da farko sun yi ta ƙorafi. Daga baya wani daga cikinsu ya zo da takardar manufofin wani ɗan takarar kansila na unguwarsu, ya ce ya karanta ta sau uku bai samo jimlar ba.