Ɗalibaina sun ƙi shiga shafin kos ɗinmu, komai sai a WhatsApp

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malama ce a wata jami'a, ina ɗaukar 'yan aji biyu wani kos, kuma suna da yawa sosai. Na zuba komai a shafin kos ɗin da ke kan Moodle, manhajar koyarwa ta intanet da makarantarmu ke amfani da ita, handawut, jadawalin lakca, asaimen, har tsofaffin tambayoyin jarrabawa, amma kullum sai kilas ref ya kira ni wai yara na tambaya ina handawut, yaushe za a miƙa asaimen. Na tura musu fom na Google na tambaye su ya suke ganin shafin, kusan kowa ya ce yana da kyau. To in yana da kyau me ya hana su shiga? Ko dai in sa a sake zana min shi gaba ɗaya?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Kar ki sake zana komai tukuna dan Allah, domin har yanzu ba ki san inda matsalar take ba, in kika rushe kika sake gini a makance za ki iya mayar da matsalar sabon wuri kawai, ga wahala ga ɓata lokaci.

Wannan fom ɗin kuma gaskiya ki ajiye shi gefe. Ke ce mai ba su maki, ke kika haɗa shafin, sannan ke kika tambaya ko yana da kyau, wane ɗalibi ne zai buɗe baki ya ce wa malamarsa aikinta bai yi ba? Ko ba a sa suna a fom ɗin ba tsoro da kunya na nan. Bayan haka ma abin da mutum ke faɗa daban, abin da hannunsa ke yi in ya riƙe waya daban, mu masu aikin binciken UX, wato nazarin yadda mutane ke amfani da shafi ko manhaja, wannan shi ne karatunmu na farko, ba ma tambayar mutum ra'ayinsa sai mun fara zama mun kalle shi yana amfani da abin.

Ki samu ɗalibai biyar. Eh biyar kacal. Jakob Nielsen, wani masani a wannan fanni, ya yi bayanin wannan a 2000, bisa wani lissafi da shi da Tom Landauer suka fitar tun 1993, cewa mutum biyar sukan tono kusan kashi 85 cikin ɗari na matsalolin amfani da shafi, daga nan sai ki ga na shida da na bakwai suna ta tuntuɓe a inda na farko suka yi. Shawararsa ita ce in kina da halin gwada mutum 15 to gara ki raba su zagaye uku, ki gwada biyar ki gyara, ki sake gwada wasu biyar. Sai dai zaɓen ya fi adadin muhimmanci, kar ki ɗauko kilas ref da 'yan gaban aji masu laftof, su ko ina kika ɓoye abu za su nemo shi. Ki nemo mai ƙaramar Tecno ko itel da sikirin ya tsage, da wadda ke zuwa daga gida ba ta samun wayifai ɗin makaranta, da mai maimaita kos ɗin, in akwai mai larurar gani shi ma a sa shi.

Kuma ba ke za ki zauna da su ba. Ki ba wani ɗalibin digiri na biyu ko wani daga sashen kwamfuta wanda ba ya riƙe da makinsu, ke ki karɓi abin da ya rubuta. Ya fara da gaya musu cewa shafin ake gwadawa ba su ba, in sun kasa laifin shafin ne, babu ruwan wannan da maki, kuma duk wanda ba ya so ya tafi abinsa. In za a ɗauki bidiyon sikirin ko murya sai da izininsu, a cire sunaye da lambar rajista, ko ba komai Najeriya na da dokar kare bayanan mutane ta 2023.

Kowa da wayarsa da datarsa, wannan kar a yi wasa da shi. In kika gwada a kwamfutar ofis mai faɗin sikirin komai zai fito tas, alhali yaran a waya suke gani, inda menu ke shigewa cikin wasu layuka uku a ƙurya. Sai a ba kowane ɗalibi aiki na gaske, ba "duba shafin nan ka faɗi ra'ayinka" ba, a'a, a ce masa ka rasa lakcar makon jiya, nemo handawut ɗinta. Ko, yaushe ne ranar ƙarshe ta miƙa asaimen na biyu? Ko, ga hoton aikinka, tura shi. Ayyuka huɗu ko biyar sun isa, minti 20 zuwa 30 kowane mutum. A roƙe shi ya riƙa faɗin abin da ke ransa da baki yana dannawa, da Hausa ko Turanci duk wanda ya fi masa sauƙi, shi kuma mai kallo ya yi shiru, nan ne wahalar take wallahi, za ka ga yaro na zagaye maɓallin da ke gaban idonsa bakinka na ƙaiƙayi ka nuna masa, to da ka nuna ka ɓata gwajin. In ya ce ina zan danna, amsar ita ce, kai ina kake ganin ya kamata? A rubuta inda ya tsaya, abin da ya danna bisa kuskure, da lokacin da ya ce shi kam da a gida ne da tuni ya tambaya a guruf.

Ban ga shafinki ba, amma ga abubuwan da suka fi fitowa a irin wannan gwaji. Na farko ƙofar shiga, an manta fasuwod, ko adireshin Moodle ɗin daban da na fotal ɗin rajista, ɗalibi bai ma kai ga shafinki ba ya haƙura. Sai sunaye, sassa an bar su yadda manhajar ta sa musu, batu na 1, batu na 2, fayiloli kuma da sunan da malami ya adana su a kwamfutarsa, wanda shi kaɗai ya san ma'anarsa. Ɗalibi da mako yake tunani, abin da aka yi ranar Talata yake nema, don haka sunan da ya haɗa mako da batu ya fi masa, kuma Moodle na da tsarin jera kos mako mako, yana da zaɓin nuna sashe ɗaya a kowane shafi don kar a yi ta ja ƙasa ba iyaka. In kina shakkar yadda za ki kasa kayan, rubuta kowane abu a 'yar takarda ki ba ɗalibai su tara su yadda suka ga ya dace su sa wa kowane tari suna, za ki sha mamakin inda za su kai tsofaffin tambayoyi.

Sai babba, handawut da aka ɗauka a hoto aka mayar PDF. Nauyi gare shi, yana cin data, a waya sai an yi ta buɗa shi da yatsu biyu, ba a iya neman kalma a ciki, kuma manhajar karanta rubutu irin TalkBack da makafi ke amfani da ita ba ta ganin komai sai hoto. Mutum ɗaya ya sauke ya jefa a guruf, shi ke nan sauran me zai kai su shafi? Ki fitar da PDF ɗin kai tsaye daga Word, ki rubuta girman fayil kusa da sunansa.

Maganar ranar miƙa asaimen kuwa, ki duba ya kika saka shi. In takarda kika ɗora mai ɗauke da tambaya da rana a ciki, Moodle bai san da ranar ba. In kika buɗe shi a matsayin aikin asaimen kika sa ranar ƙarshe a gurbinta, da kanta za ta fito a kalandar ɗalibi da jerin abubuwan da ke tafe a shafinsa na farko. Wannan gyaran minti biyar ne.

Kafin ma gwajin ki leƙa sashen rahoto na kos ɗin, zai nuna miki sau nawa aka buɗe kowane fayil da su waye ba su taɓa shiga ba. Lambobin za su gaya miki inda ake gudu, amma dalilin gudun sai a wajen kallo.

WhatsApp kuma ni ban ga dalilin yaƙi da shi ba, can suke kwana can suke tashi. Ki daina tura fayil a guruf, ki riƙa ba kilas ref mahaɗin da zai kai su kan abin kai tsaye, kuma ki tambayi masu kula da Moodle na makarantarku ko sun kunna damar amfani da manhajar waya, domin tana barin ɗalibi ya sauke kayan kos in ya samu sabis ya karanta daga baya ba intanet.

Bayan zagayen farko ki zaɓi matsaloli uku da suka fi kayar da mutane ki gyara su kawai, sai a kira wasu sabbin biyar da ayyuka iri ɗaya. In shugaban sashe mai son lamba ne, akwai ma'aunin SUS, mai auna sauƙin amfani da shafi ko manhaja, da John Brooke ya ƙirƙiro a 1986, tambayoyi 10 ne, maki daga 0 zuwa 100, kuma 68 ake ɗauka matsakaici. Shi kam ki ba ajin da yawa ba biyar ɗin nan kaɗai ba, a cike kafin gyara da bayan gyara, kuma wani ne zai raba ya tattara, ba ke ba.