Amsa ga Ɗana Auwalu Kan Tsohon Bais ɗin da Ya Sayo a Ƙofar Ruwa

Assalamu alaikum, ɗana Auwalu. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da mutanen gida, na ga saƙonka da hotunan tsohon bais ɗin da ka sayo a hannun 'yan gwangwan a Kasuwar Ƙofar Ruwa, ƙarfen nan mai muƙamuƙi biyu da ake ɗaurewa a benci ya matse abin da ake aiki a kai, wanda kake so ka kafa a garejin gidanku domin 'yan ayyukan da kake taɓawa bayan an tashi daga shago. Ka ce tsatsa ta kama shi har hannun ba ya juyawa, ka tambaye ni ko ka dake shi da guduma ya saki, ka kuma tambayi irin fentin da za ka saya. Maganar fenti ita ce ta ƙarshe, guduma kuwa ka mayar da ita inda ka ɗauko ta.

Dalili shi ne, jikin bais ba irin ƙarfen da maƙera suke bugawa ba ne, ƙarfen zubi ne, wanda muke kira kas, narka shi aka yi aka zuba a cikin gurbin yashi ya sandare. Ƙarfen ƙira yakan lanƙwasa kafin ya karye, ya ba ka damar dakatawa, amma kas ba ya yi wa kowa gargaɗi, tsagewa yake yi kamar tukunyar ƙasa. A hoton na ga an rubuta Record a gefensa da lamba 3, ga kuma sauran shuɗin fentinsa na asali a lungunan da tsatsa ba ta kai ba. Wannan ƙirar birnin Shefild ce ta Ingila, faɗin bakinsa inci 4, wato kusan milimita 100, kuma ya ishe ka duk aikin da za a yi a garejin gida. Idan jikinsa lafiya yake, ka yi sa'ar kasuwa.

Saboda haka aikinka na farko shi ne neman tsaga. Ka kankare dauɗar da burushin waya, ka shafe shi da kananzir, ka bar shi kamar rabin awa, ka goge shi ƙarƙaf da tsumma, sannan ka goga masa allin makaranta a wuraren da ake zargi. Idan akwai tsaga, ko da ta kai siririn gashi, kananzirin da ya shige cikinta zai dawo ya jiƙa allin, ka ga layi ya fito ɓaro-ɓaro a kan farin. Wuraren da za ka fi sa wa ido su ne wuyan muƙamuƙai biyun, da kunnuwan gindi inda ake ɗaure shi da benci, da kuma bayan doguwar ƙafar nan mai shiga da fita, domin nan ne marasa sani suke mayarwa maƙera su riƙa miƙe kusa a kai. Idan tsagar a kunnen gindi take, akwai magani: mai walda da ya san kas zai ɗumama shi tukuna, ya yi amfani da sandar walda ta nikel, sannan ya binne shi a toka ko busasshen yashi ya huce a hankali. Idan kuwa a wuyan muƙamuƙi take, shawarata ita ce ka cire abin da zai yi amfani a jikinsa ka mayar wa 'yan gwangwan sauran, domin ban taɓa yarda da bais ɗin da aka yi wa walda a wuya ba.

Na lura hannunsa ya ɗan lanƙwashe, kuma na san abin da ya jawo haka, domin ni ma na taɓa aikata shi. Ina yaron shago, an ba ni wani bushin, wato zoben ƙarfe, in tura a gurbinsa, ya ƙi shiga, sai na zura bututun ruwa a hannun bais ɗin maigidana don in ƙara masa tsawo, na hau kai da dukan nauyina. Ban ji komai ba sai wata ƙara kamar an fasa faranti, muƙamuƙin gaba ya faɗo kusa da ƙafata. Maigida bai ɗaga murya ba, ya dai ɗauki guntun ya nuna mini cikinsa, toka-toka mai tsakuwa-tsakuwa kamar an ɓare dutse, ya ce tsawon hannun da aka yi wa bais shi ne iyakar ƙarfin da aka yarda a sa masa. Wata uku ina riƙe masa aiki da fulaya kafin ya sayi wani. Hannun bais ɗin naka idan an zare shi zai miƙu, amma lanƙwasar shaida ce cewa an wahalar da sukurun ciki, don haka shi za ka fi bincika.

Game da sakinsa, ka samu bokitin ƙarfe ko rabin jarka, ka nutsa shi cikin man gas da aka gauraya da kananzir, ka rufe, ka ajiye nesa da murhu da janareta. Kullum da safe ka fito da shi ka gwada hannun, gaba kaɗan, baya kaɗan, da ƙarfin hannunka kawai. Yakan ɗauki kwana uku, yakan kai mako guda, wani ma ya wuce haka. Kada ka sa masa wutar gas don gaggawa, domin zafin da ya taru a wuri ɗaya shi ma yana tsaga kas.

Idan ya fara juyawa, ka yi ta warwarewa har muƙamuƙin gaba ya fito gaba ɗaya, amma ka tallafe shi da ɗaya hannun, kada ya sauka a yatsun ƙafarka. A jikin dogon sukurun, ta bayan muƙamuƙin, za ka ga fin da washa da sifirin, su ne suke jawo bakin ya buɗe idan ka juya hannu baya. Ka ɗauki hotonsu da wayarka kafin ka cire, ka zuba su a gwangwani guda. A cikin ɗaya ɓangaren jikin da ya rage kuma akwai babban natin da sukurun yake bi ta cikinsa. Waɗannan biyu, sukuru da nati, su ne ran bais. Ka wanke su, ka bi tiredin, wato zanen nan da ya kewaye sukurun, da farce daga farko har ƙarshe: idan samansa yana da faɗi da kauri, lafiya lau, idan ya sirance ya yi kaifi kamar bakin wuƙa, musamman kusa da hannu inda aka fi aiki, to ya ci. Ka zura sukurun a natin ka ja gaba da baya. Ɗan wasa kaɗan ba laifi ba ne a kayan da ya girme ka, amma idan yana neman tsallake tiredi sai an kai wa mai injin tona, wato injin da ke juya ƙarfe ana fiƙe shi, ya yanka sabon nati.

Akwai wani tarko a haƙoran bakin, wato ƙananan farantan nan biyu masu zane da ake ɗaurewa da sukurori. Tsofaffin kayan Ingila ba da awon milimita aka yanka tiredinsu ba, da awon inci ne irin na Whitworth, wanda aka tsara tun 1841, kuma kusurwar haƙorinsa digiri 55 ce, alhali ta milimita digiri 60 ce. Sukurun milimita da za ka saya a Sabon Gari zai shiga zagaye ɗaya ko biyu kamar ya dace, daga nan ya cije, idan ka matsa masa ya lalata ramin. Don haka ka lallaɓa na asalin su fito da rai: ka share tsagin kansu da tsinin allura, ka nemi sukundireba mai cika tsagin daidai, kada ka jefar da ko ɗaya. Idan wani ya mutu, ka kai ɗan'uwansa wurin masu tsofaffin kayan Land Rover a gwada.

Sauran tsatsar jiki burushin waya zai ɗauke ta. Ƙananan kayan kuwa ka jiƙa su a ruwan lemun tsami su kwana, ka ɗauraye su da ruwan kanwa domin ta kashe tsamin, ka busar da su a rana nan take ka shafa mai, in ba haka ba kafin la'asar sun sake yin ja. Kada ka kusanci wuraren da suke zamewa a kan juna da giranda, domin duk abin da ka ci a nan ba ya dawowa, bakin zai riƙa rawa har abada; sanfefa mai laushi da ɗan mai ta wadatar. Tsohon fenti irin wannan yana iya ƙunsar dalma, saboda haka ka jiƙa shi kafin ka kankare, ka rufe hancinka, kada ƙannenka su tsaya a wurin. Fentin kuwa, jan fenti mai hana tsatsa a ƙasa, fentin mai a sama, kowane launi ka ga dama, illa dai kada ya taɓa sukuru ko hanyar zamewa.

Wajen giris ma ka yi tsimi. Mu a Kano ƙurar hunturu ce babbar abokiyar gaba, idan ta haɗu da giris mai yawa da garin ƙarfen da magagari ke zubarwa sai ta zama kamar sanfefa tana cin tiredi a ɓoye. Shafa kaɗan a sukuru, ɗigon man inji a hanyar zamewa, idan ka tashi aiki ka rufe shi da buhu.

Wurin kafawa, ka ɗora shi a kan ƙafar benci, ba a tsakiyar katako ba, samansa ya yi daidai da gwiwar hannunka idan kana tsaye, kuma haƙorin baya ya ɗan leƙo waje da bakin bencin yadda dogon ƙarfe zai sauka ƙasa ba tare da ya tokari katako ba. Ka huda bencin ka zura bol ya fita ta ƙasa da faffaɗar washa da nati, sukurun katako ba zai riƙe shi ba. Ranar Asabar idan za ka fito shago ka taho mini da sukurun da natin a leda in duba da idona, ka kuma tsinto guntun alminiyom a cikin tarkacen da ke bayan shago, in nuna maka yadda ake lanƙwasa masa rigar baki don kada haƙoransa su riƙa yi wa aiki mai laushi tabo.