Katin Hoto Mai Bin Sawun Haske: In Ƙara Kuɗi ko in Bari?

Wani matashi daga unguwar Bukoki a Yamai ya rubuto: "Yaya, ina haɗa kwamfutar wasa. Mai shago ya nuna mini katunan hoto biyu, GTX 1660 da RTX 3060, duka na hannu, ya ce na biyun ya fi tsada don yana bin sawun haske. Mene ne wannan, kuma ya kai a ƙara masa kuɗi?"

Ƙanena, ka tuna tsayawa bakin titi da dare bayan ruwan Agusta, fitilar mai shayi tana rawa a cikin kududdufi? Wasannin da, dabara ake yi a kwaikwayi wannan: a kwafo abin da ke kan allo a manna shi a ruwa. Shi ya sa da ka sunkuyar da kyamara, ginin ya fita daga allo, sai hotonsa ya ɓace daga ruwan. Bin sawun haske kuwa lissafi ne na gaske. Katin yana bin kowane zaren haske, inda ya faɗa, inda ya karkata, abin da ya tare shi, sai inuwa da ƙyalli su fito da kansu. Kamfanin Nvidia ne ya kawo shi cikin katunan wasa a 2018, kamfanin AMD ya biyo a 2020. Ranar da na fara ganinsa, na daɗe tsaye gaban gilashin wata mota a cikin wasa, ina kallo kawai.

Sai dai yana da nauyi. Da ka kunna shi motsin wasa zai ragu, sai ka haɗa da fasahar DLSS, wadda ke zana hoto ƙarami ta buɗa shi don rage wa katin nauyi.

Duk da haka RTX ɗin za ka ɗauka. Ka tabbatar mai ƙwaƙwalwar giga 12 ne, don GTX ɗin giga 6 gare shi. Kuma sababbin wasanni sun fara rufe ƙofa: Doom: The Dark Ages na 2025 ba ya tashi sam a katin da ba ya bin sawun haske.

Abin da ya fi damuna zafi ne. RTX 3060 yana jan wat 170, wancan 120, ga Afrilun Yamai da ke wuce digiri 40, ga ƙurar hunturu da ke toshe fanka. Kada ka miƙa ko dala sai an kunna maka wasa na rabin awa a gabanka. Ka kasa kunne ga fankokin, ka duba awon zafinsa. Ka kuma ware kuɗin na'urar daidaita wuta tun yanzu.

Wani bawan Allah mai gidan wasa a Tawa ya tambaya ko ya sauya injinan wasansa na PS4 da PS5 saboda wannan fasaha. Malam, PS5 tana da ita, amma yaran da ke layin buga ƙwallo santsin motsi da hannun buga wasa mai kyau suke nema. In injinan suna aiki, fara da sababbin hannuwa da fanka mai ƙarfi a ɗakin.