Tantance Masu Shiga Zauren WhatsApp

Ɗan'uwa, ka yi tambaya kan baƙin lambobi da ke shigowa zauren tsofaffin ɗaliban makarantarku na WhatsApp suna cika shi da tallan bashi da alƙawarin ninka kuɗi. A ganina, gyara daga ƙofa zai fara, domin mahaɗin gayyata yakan yi yawo daga waya zuwa waya har ya faɗa hannun wanda ba ku taɓa sani ba.

Tun shekarar 2023 WhatsApp ta bai wa shugaban zaure damar amincewa da mutum kafin ya shiga. Ka kunna wannan a saitin zauren, sannan ka soke tsohon mahaɗin ka fitar da sabo. Idan buƙatar shiga ta zo, kada hoto da suna su wadatar da kai, tun da mazambata sukan ɗauki hoton dattijo mai rawani su manna. Ka kira lambar, ka tambayi shekarar da ya gama da sunan malamin ajinsu, ko wani ɗan zauren ya tsaya masa. Aikin yana cin lokaci, amma na fi son jinkirin kwana ɗaya da a damfari wani abokinmu.

Ka kuma gargaɗi 'yan zauren kada su bai wa kowa lambobi 6 da WhatsApp ke turowa ta saƙon waya, domin da su ake ƙwace asusun mutum, ɓarawo ya zauna cikinku da sunan wanda kuka riga kuka tantance.