Na sa hannu a kwantiragin aikin jinya, yanzu kuma ina son janyewa

Tambaya: Anti, barka da ƙoƙari. Ni nas ce, ban daɗe da karɓar lasisi ba. Wani asibiti mai zaman kansa ya ɗauke ni aiki, na sa hannu a kwantiragin shekara biyu, har sun turo min kuɗin kama haya kusa da su. Farkon watan gobe zan fara. Kwatsam sai wani asibitin ya kira ni aiki a ɗakin haihuwa, wanda shi ne burina tun ina makaranta, ga shi kusa da mahaifiyata da ke fama da jiki. Ƙawata ta ce in kashe waya kawai, za su gaji su haƙura. Ni kuma tsoro nake ji kada a ƙwace min lasisi ko a kai ni kotu. Yaya zan yi? Daga ƙanwarki.

Amsa: Ƙanwata, Allah Ya ba Mama lafiya. Ki kwantar da hankalinki, amma shawarar ƙawar nan taki kada ki kuskura ki ɗauka.

Alƙawari kaya ne, kuma kwantiragi tun ranar da kika sa hannu ya hau kanki, ba sai ranar da kika saka farin kaya kika shiga ɗakin majinyata ba. Sai dai ba wanda zai kamo ki ya tsayar da ke a gefen gadon mara lafiya dole. Kotuna ba su saba tilasta wa mutum yi wa wani aiki ba, kuma Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta haramta aikin tilas tun a yarjejeniyarta ta 1930. Abin da asibitin zai iya nema a wurinki kuɗi ne.

Saboda haka ki ɗauko takardar yau, ki karanta ta da biro a hannu. Ki nemi inda aka faɗi wa'adin sanarwar barin aiki, sati biyu ne ko wata ɗaya ko uku. Sau da yawa in kin ba da sanarwa da wuri, wa'adin zai ƙare ko ya kusa ƙarewa kafin ranar fara aikin, kin ga magana ta zo da sauƙi. Sannan ki duba abin da aka rubuta kan mayar da kuɗi. Kuɗin hayar nan dai ki sa a ranki ba naki ba ne, in kin taɓa shi ki fara haɗa shi tun yanzu. In kuma kika ga an rubuta wata tara mai nauyi da ta fi ƙarfin abin da suka kashe a kanki, kada ki biya, kada kuma ki sa hannu a wata sabuwar takarda, sai lauyan da ya san dokar ƙwadago ko ƙungiyarku ta ma'aikatan jinya sun gani. A ƙasashe da yawa kotu tana bambanta diyyar asara ta gaskiya da tarar da aka sa don tsoratarwa.

Maganar lasisi kuwa, irin barin aikin da hukumomin aikin jinya suka saba hukunci a kai shi ne nas ta karɓi majinyaci a hannunta sannan ta tafi ta bar shi ba tare da ta miƙa shi ga wata ba. Ke ko majinyaci ɗaya ba a danƙa miki ba tukuna.

Abin da na fi jiye miki shi ne sunanki. Na yi shekaru ina tsara jadawalin aiki, na san yadda abin yake: an riga an rubuta sunanki a layin aikin dare, wata ta ɗauki hutu don ta san kina zuwa, an kuma sallami sauran da kuka yi intabiyu tare. Ranar ta zo, shiru, waya a kashe. Wadda ta kwana tana aiki ita za a roƙa ta zarce. Shugabar nas-nas ba ta manta irin wannan suna, kuma mu ma'aikatan jinya duk yawanmu mun san juna. Wadda kika ɓata wa rai bana, baɗi kina iya tarar da ita a kan teburin ɗaukar aiki a wani wurin.

Amma fa kada ki saki na hannu sai sabon asibitin ya ba ki takardar ɗaukar aiki a rubuce. Kiran waya ba aiki ba ne. Ki kuma faɗa musu gaskiya cewa akwai kwantiragin da kike warwarewa, ko sa ɗan ɗaga miki ranar farawa.

Da zarar takardar ta shigo hannunki, a ranar ki kira wadda ta ɗauke ki aikin farko, ki faɗa mata da bakinki, sannan ki bi da wasiƙa mai kwanan wata. Gajeriya ta isa: godiya, kin janye saboda dalilin iyali, ki ba su haƙuri, ki tambayi yadda za ki mayar da kuɗinsu. Kada ki ƙirƙiri ƙarya, kada kuma ki shiga kwatanta albashi. In kuɗin ba zai haɗu lokaci ɗaya ba, ki roƙi biya kashi-kashi, a rubuta. Ki riƙe kwafin wasiƙar da rasidin duk abin da kika biya, sannan ki nemi su ba ki takardar da ta nuna sun sallame ki, ba sa bin ki komai.